Jerry Zaks: gwanin dariya ne ko mai sayar da ɗumame?

Ummi Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah taimako nake nema. An ba mu aiki a darasin ba da umarni, kowa ya ɗauki daraktan dandamali guda ya yi rubutu a kan rayuwar aikinsa. Da aka yi ƙuri'a sai wani Ba'amurke mai suna Jerry Zaks ya faɗo mini. Duk inda na duba sai in ga an ce gwanin barkwanci ne. To ni abin da ya ɗaure mini kai, ba ya hawa dandamali, ba shi ya rubuta wasannin ba, ba daga bakinsa maganar da ake wa dariya take fitowa ba. Gwanintar tasa a ina take? Mu nan in an ce marigayi Ibro, ai Ibro ne. Wa ya taɓa tambayar wanda ya ba shi umarni?

Malam Habibu (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam Ummi. Ƙuri'a ta yi miki adalci, kin samu mutumin da za ki cika shafi 20 a kansa ba ki maimaita magana ba. Bari in ba ki ƙashin bayan labarin, sauran 'yan zaure su sa nama.

An haife shi a 1946 a Stuttgart ta ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1948, ya tashi a garin Paterson na jihar New Jersey, mahaifinsa mahauci. Ya shiga jami'ar Dartmouth da niyyar likitanci, sai ya je kallon wani wasan waƙa da rawa da ɗalibai suka shirya, daga nan likitanci ya tashi a tutar babu. Ya yi digiri na biyu a kan wasan kwaikwayo a kwalejin Smith, sannan ya yi shekaru kusan 10 yana ɗan wasa a New York kafin ya koma bayan fage. Ki riƙe wannan da kyau, domin ɗan wasan da ya zama darakta ya san yadda cikin mutum yake ɗurar ruwa in ya saki maganar dariya zaure ya yi tsit.

Sunansa ya fara fitowa ne a ƙananan zauruka da wasannin wani marubuci mai harshe kamar reza, Christopher Durang, daga 1979 zuwa 1985. Daga nan ya zama daraktan gida a Lincoln Center, wata babbar cibiyar wasanni a New York. Tsakanin 1986 da 1992 ya ci lambar Tony ta gwarzon darakta sau 4: The House of Blue Leaves a 1986, Lend Me a Tenor a 1989, Six Degrees of Separation a 1991, Guys and Dolls a 1992. Tony ita ce babbar lambar yabo ta Broadway, wato unguwar manyan zaurukan wasan kwaikwayo ta New York. Sau 4 cikin shekara 7 ba sa'a ba ce.

Ummi Zariya: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu tambayata tana nan. Me YAKE yi?

Nazifi Mai Kyamara: Ni zan faɗa miki abin da yake yi ƙanwata. Ɗumame yake yi. Malam ya lissafo lambobin yabo amma bai faɗi shekarun wasannin ba. Guys and Dolls na 1950 ne. Anything Goes da ya yi a 1987, na 1934 ne. Hello, Dolly! da ya yi a 2017, na 1964 ne. The Music Man da ya yi a 2022, na 1957 ne. Ko na farkon da ya ci Tony da shi, tun 1971 aka fara yin sa. Mutum ya ɗauko tuwon jiya wanda kowa ya san daɗinsa, ya ɗora a wuta, ya zuba man shanu, wato ya kawo manyan taurari irin su Bette Midler ko Hugh Jackman, sai a ce gwani. A ba ni Hugh Jackman da miliyoyin daloli a gani in zaure bai cika ba.

Hajiya Rabi Bronx: Nazifi kai dai ba ka da dama wallahi 😂 Amma tsaya, wa ya gaya maka ɗumame abin rainawa ne? Ka taɓa cin wanda ya ƙone a ƙasa, sama kuma da sanyinsa?

Kawu Ɗanlami: Salamu alaikum. Ni ban san wannan Baturen ba, yau na fara jin sunansa, kuma ban taɓa taka Amurka ba. Amma tambayar 'yar nan na san amsarta, don a jikina aka koya mini.

Wajen 1984 muna wasa a wani zaure a Kaduna, ni ne yaron gida. Maigida ya dawo daga kasuwa ya buɗe kwanon da aka ajiye masa, ya tarar babu nama ko tsoka ɗaya. Ni na cinye. To a lokacin ina ji da kaina, ina ganin ni ne mai ban dariyar ƙungiya. Da ya buɗe kwano sai in zare ido, in karkace baki, in yi ta rawar ƙafa. Yara su yi dariya, manya su yi murmushin ladabi. Dare biyu haka. Rana ta uku mai ba mu umarni, Allah ya jiƙansa, ya kira ni gefe ya ce, Ɗanlami, yaron nan da kake yi, ya san yana cikin wasan dariya? Na ce a'a. Ya ce to me ya sa yake wa mutane wasa? Yaron nan uwarsa tana ƙauye, albashinsa take jira, in aka kore shi yau ba shi da wurin kwana. Ka tsaya ƙyam. Kada ka motsa fuska. In maigida ya ɗago kai ya dube ka, ka ƙirga uku a zuci, sannan ka sa bayan hannu ka share maiƙon bakinka sau ɗaya, a hankali, kamar kana fatan bai gani ba.

'Yata, daren nan sai da muka tsaya da magana, don ba mai jin kowa. Wani dattijo a layin gaba har hularsa ta faɗi. Ni aka tafa wa, ni aka yi ta nunawa a kasuwa. Amma ƙirgen ukun nan ba nawa ba ne.

Ummi Zariya: Kawu wallahi ina karantawa ina dariya ni kaɗai a ɗaki. Zan iya sa wannan a rubutuna?

Kawu Ɗanlami: Sa mana. Kada dai ki ce na cinye naman gaske, na roba ne.

Malam Habibu: Kawu ya gama darasin da nake yin sati uku ina koyarwa. Kuma daidai abin da aka san Zaks da shi ke nan: mutanen cikin wasansa ba su san abin dariya suke yi ba, su a wurinsu rai ne a hannun Allah.

Ki ɗauki Lend Me a Tenor na Ken Ludwig. Ɗakin otal ne a birnin Cleveland a 1934. An gayyato shahararren mawaƙi daga Italiya, an sayar da tikiti, sai maganin kwantar da hankali ya yi masa yawa ya sheme, aka ɗauka ya mutu. Manaja ya ga asara ta tunkaro shi, sai ya sa yaronsa ya saka kayan mawaƙin ya fita a madadinsa. Can mawaƙin gaske ya farka, shi ma ya saka nasa kayan. Ga mutum biyu iri ɗaya a otal ɗaya, ga mata suna neman ɗaya suna cin karo da ɗayan, ga ƙofofi 6 a kan dandamali. Duk wasan a kan ƙofofin nan yake tafiya. Wannan ta rufe, waccan ta buɗe. In ta buɗe da wuri da daƙiƙa ɗaya, mutanen biyu sun ga juna, labari ya mutu. In ta makara da daƙiƙa ɗaya, 'yan kallo sun riga sun hango abin da zai faru, dariya ta mutu. Marubuci zai rubuta "ya fita, ta shigo" ne kawai. Tazarar da ke tsakanin fitar da shigowar, darakta ne yake auna ta, kuma dole ta zauna daidai sau 8 a kowane mako, wata da watanni.

Nazifi Mai Kyamara: To Malam ai wannan aikin ɗan sandan hanya ne. Tsaya, wuce, tsaya, wuce.

Malam Habibu: Je ka tsaya a mahadar Ƙofar Nasarawa da yamma ka ba da hannu, sai ka dawo mu yi maganar.

Hajiya Rabi Bronx: Bari in ba da tawa shaidar, tunda gani ya kori ji. Ni dai ba 'yar wasa ba ce, aikin jinya nake yi, shekarata 19 a nan. A 2022 wata abokiyar aikina ta samu tikiti biyu na The Music Man a zauren Winter Garden, mijinta ya ƙi zuwa, ta ja ni. Can sama muka zauna, kusa da rufi, don kujerun gaba kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne. Labarin wani ɗan damfara ne da ya shigo ƙaramin gari ya ce zai kafa wa yara ƙungiyar busa da kiɗa, alhali ko baƙi ɗaya na kiɗa bai sani ba, so yake ya karɓi kuɗin kayan ya gudu.

Gaskiya rabin barkwancin ya wuce ni, Turancin mutanen da ne na ƙauyen Amurka. Amma ga abin da na lura. Akwai lokacin da mutum fiye da 30 suke kan dandamali, manya da yara, kowa yana motsi, kuma ni daga can sama fuskokinsu kamar ƙwayar gero. Duk da haka ban taɓa rasa inda zan duba ba. Sai in ga idona ya tafi kan wata tsohuwa a gefe, daƙiƙa guda kafin ta yi abin dariyar. Wa ya kai idona can? Ban sani ba. Sai da muka fito a jirgin ƙasa nake ta tunani, ashe duk sauran sun ɗan lafa ne, ko sun juya kai wajenta, ko fitila ta ɗan ƙaru a kanta.

Nazifi Mai Kyamara: Hmm. Hajiya wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Don mu a fim, ni nake wannan aikin. In ana so a ga hannun da ya saci nama, sai in matso da kyamara, mai tacewa ya yanka a daidai wurin. Ko ɗan wasa ya yi lattin magana, a kwamfuta za a gyara. Wato shi ba shi da kyamara, ba shi da almakashi.

Malam Habibu: Ka iso wurin da kanka.

Nazifi Mai Kyamara: Na iso rabin hanya dai. Maganar ɗumame tana nan. Kuma Hajiya, masu sharhin jaridu ba su yaba wannan wasan da kika gani sosai ba, sun ce an wanke shi tas har ya rasa yaji. Kuɗi kam ya kawo, akwai makonnin da ya haura dala miliyan 3. Amma Tony ko ɗaya bai ci ba.

Hajiya Rabi Bronx: Ni dai ban biya ko sisi ba kuma na yi dariya, masu sharhi su ji da kansu.

Issoufou Damagaram: Sallama gare ku 'yan uwa na Nijeriya. Ina bin zancen tun ɗazu. Ummi, inda kika ce wa ya taɓa tambayar mai ba Ibro umarni, ina so in ƙara wani abu daga wajenmu. Nan Nijar, zamanin shugaba Kountché, lokacin da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, take da ƙarfi ana gasar wasanni tsakanin jihohi, yawancin wasannin Hausa ba a rubuta su baƙi da baƙi. Ƙungiya za ta zauna ta tsara labari, fage na ɗaya kaza, na biyu kaza, kowa ya san halin wanda yake yi, magana kuma ta fito daga bakinsa a take. Irin su Yazi Dogo a haka suka yi suna. To a irin wannan, shugaban ƙungiya yana cikin wasan da kansa, yana jin numfashin jama'a, in ya ga fage ya yi tsawo sai ya shigo ya katse. Aikin darakta yana nan, sai dai a cikin wasan yake ɓoye. Su can Amurka an raba aikin: marubuci daban, ɗan wasa ba ya ƙara ko kalma, darakta yana zaune a duhu. Kada ki auna namu da mudun su, ko nasu da namu.

Kawu Ɗanlami: Malam Issoufou ka yi gaskiya. Marigayi Samanja ma ai haka ne, Hausar barikin nan tasa ba wanda zai rubuta masa ita a takarda. Amma ko shi, ka lura da yadda yake jira kafin ya daka tsawa.

Ummi Zariya: Malam Habibu, wani tunani ya zo mini. Tunda iyayensa sun ga bala'i irin wannan, ko in gina rubutun a kan cewa baƙin cikin gidansu ne ya tura shi barkwanci? Kamar dariya ce maganin ciwonsa.

Malam Habibu: A'a Ummi, ki yi hattara. Jimlar tana da daɗin faɗa, shi ya sa nake tsoronta. Ba ki shiga zuciyarsa ba, kuma akwai dubban 'ya'yan waɗanda suka tsira da suka zama likitoci da lauyoyi. In kina son ki nuna yana iya riƙe dariya da baƙin ciki a hannu ɗaya, ga aikinsa nan, ki nuna a can.

The House of Blue Leaves na John Guare ya ishe ki. Ranar da Fafaroma ya ziyarci New York a 1965 ake labarin. Wani ma'aikacin gidan namun daji ne da yake mafarkin zama marubucin waƙoƙi, matarsa tana da taɓin hankali, yana da farka a bene na ƙasa, ɗansa ya gudo daga soja da bam a hannu, ga 'yan zuhudu mata sun faɗo ta taga suna neman talabijin su kalli Fafaroma. Ana ta dariya, ana ta dariya, a ƙarshe mutumin ya shaƙe matarsa. In darakta ya bar 'yan wasa suka mai da matar abin tsokana tun farko, ƙarshen zai zama ƙazanta kawai. In ya nauyaya wasan tun farko, ba mai dariya, kuma ƙarshen ba zai girgiza kowa ba don an riga an shirya masa. Zaks ya bi ta tsakiya, kuma wasan da ya yi shekara 15 a gefe ya koma cikin manyan wasannin Amurka. Nazifi, wannan ma ɗumame ne, amma irin wanda ya fi na daren daɗi.

Sannan Six Degrees of Separation sabo ne fil, shi ya fara ɗora shi a 1990. Kuma labarin gaske ne aka gina shi a kai: wani saurayi baƙar fata, David Hampton, da ya riƙa shiga gidajen attajiran New York yana cewa shi ɗan Sidney Poitier ne, abokin karatun 'ya'yansu, an yi masa fashi. Su ba shi masauki da kuɗi, don suna son a ce ɗan babban tauraro ya kwana a gidansu. Poitier kuwa 'ya'ya mata kaɗai gare shi.

Hajiya Rabi Bronx: Kai! Wannan ai da a Kumasi ne da tuni an yi masa waƙa.

Sadiya Kaduna: Ku yi haƙuri in kawo abin da ba a taɓo ba. Malam, a wasan otal ɗin nan da ka yaba, me ya sa aka kasa bambanta mutum biyun? Ai saboda dukansu sun shafa baƙin fenti a fuska ne, wai suna yin Otello, wasan waƙa da jaruminsa baƙar fata ne. Turawa biyu da baƙar fuska, zaure yana ta dariya, a 1989, ba a 1920 ba. Kuma aka ba shi lambar yabo. Wannan bai dame ku ba?

Malam Habibu: Ya dame ni, kuma kin kyauta da kika faɗa, Malama Sadiya. Laifina ne da na tsallake. Haka aka yi shi a lokacin. Daga baya marubucin da kansa ya sauya, ya mai da shigar ta zama ta ɗan kama mai farar hoda a fuska, ruɗanin yana nan ba tare da cin fuskar kowa ba. Ummi, ki sa wannan a rubutunki. Abin da zaure ya yi wa dariya shekara 30 da suka wuce ba lalle ya yi masa yau ba, kuma daraktan da sana'arsa ita ce farfaɗo da tsofaffin wasanni kullum yana cikin wannan rigimar: me zai bari, me zai cire.

Sadiya Kaduna: To ai shi ne. Sauyin ya nuna tun farko ba a bukatar fentin. Ba wanda ya tambaya ne kawai.

Alhaji Mai Atamfa: Assalamu alaikum, akwai sabbin atamfofi da leshi sun iso, farashi mai sauƙi, ana turawa ko'ina

Malam Habibu: Alhaji, wannan zauren wasan kwaikwayo ne. Karo na uku ke nan.

Nazifi Mai Kyamara: Ka ga wanda ya buɗe ƙofa a lokacin da bai dace ba 😂

To tunda ana tone-tone, a faɗi inda ya faɗi ƙasa mana. Ummi kada ki rubuta littafin yabo. The Civil War da ya yi a 1999, wata biyu bai cika da kyau ba aka rufe. Mrs. Doubtfire, labarin mutumin da ya rabu da matarsa ya yi shigar tsohuwa mai raino don ya riƙa ganin 'ya'yansa, wanda na san da a Kano ne hukumar tace fina-finai ba za ta bari a kai fage na biyu ba, an buɗe shi a Disamba 2021 aka rufe a Mayu 2022. Fim kuma, wanda ake tunawa da shi guda ɗaya ne, Marvin's Room na 1996, duk da an tara masa Meryl Streep da Diane Keaton da DiCaprio da De Niro.

Hajiya Rabi Bronx: Na Mrs. Doubtfire kam ka yi masa adalci. Ina nan garin lokacin. Sun fara nunawa ke nan a Maris 2020, kwana uku, aka rufe Broadway gaba ɗaya ranar 12 ga wata saboda korona. Shekara ɗaya da rabi zaurukan nan a kulle. Da suka dawo kuma sabon nau'in cutar ya taso, 'yan wasa suna ta kamuwa, iyalai masu yara ba sa fitowa. Mu a asibiti mun san yadda watannin nan suka kasance. Wannan ba laifin darakta ba ne. Kuma daga baya an kai wasan Landan ya zauna.

Malam Habibu: Fim ɗin kuma ba barkwanci ba ne, labarin 'yan'uwa mata biyu ne da cutar sankarar jini, kuma Keaton ta shiga takarar Oscar, babbar lambar yabo ta fim, da shi. A talabijin ya ba da umarni a wasannin dariya irin su Frasier da Everybody Loves Raymond, waɗanda ake ɗauka a gaban 'yan kallo masu rai. Ka ga ko da ya je wajen kyamara, inda ake jin dariyar mutane ya fi zama.

Amma akwai ɓangaren aikinsa da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi zai amsa wa Ummi tambayarta ta farko fiye da komai. A Broadway akwai wanda suke kira likitan wasa. Kafin a buɗe wasa a hukumance ana yin makonni ana nuna shi ga masu biyan kuɗi, darakta yana zaune a baya da takarda yana sauraron zaure: ina aka yi dariya, ina aka yi tari, ina aka fara gyara zama. Da rana a gyara, da dare a sake gwadawa. In furodusoshi suka ga wasa yana nitsewa da kuɗinsu, sai su kira wani daga waje. Zaks na cikin waɗanda ake kira. An kira shi a kan The Capeman na mawaƙi Paul Simon a 1998, bai iya ceto shi ba, wasan dala miliyan 11 ya rufe bayan nuni 68. An kira shi a kan The Addams Family bayan gwajin da aka yi a Chicago a ƙarshen 2009, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca duk da haka, amma ya yi nuni sama da 700 a New York.

To ki tambayi kanki. A The Addams Family 'yan wasan su ne dai, Nathan Lane yana ciki, mutumin da ko gaisuwa ya yi sai an yi dariya. Marubutan su ne. Me ya sa mai kuɗi zai ɗauko wani mutum ya biya shi, in dai dariya daga bakin ɗan wasa kaɗai take fitowa? 'Yan kasuwa ne fa, ba sa kyauta.

Nazifi Mai Kyamara: Wato ya bar likitanci a jami'a ya zo ya yi shi a dandamali. Majinyaci ɗaya ya mutu, ɗaya ya tashi da ɗingishi.

Malam Habibu: Ummi kada ki saci wannan, ta Nazifi ce.

Nazifi Mai Kyamara: Na ba ta kyauta. Amma matsayina bai canza duka ba, Malam. Na yarda gwani ne a sana'a, irin tela da in ya ɗinka maka riga ba ka jin ɗinki a jiki. Abin da ban gani ba shi ne wani salo da za a ce nasa ne, wanda ya canza yadda ake wasa. Akwai daraktocin da daga ganin hoton dandamali ka san aikinsu ne. Shi fa?

Malam Habibu: A nan kam ba zan yi maka gardama sosai ba. Bai kafa makaranta ba, bai rushe wata ba. Ni dai ina ganin da gangan yake ɓoye hannunsa, kai kana ganin babu abin ɓoyewar ne. Ummi ta rubuta duka biyun, ta zaɓi ɗaya ta kare shi da misali.

Kawu Ɗanlami: Ni tambayata ɗaya. Kun ce an haife shi 1946, kuma yana wannan aikin har 2022. Wato yana da shekara 75 yana tsaye yana ƙirga wa yara 30 taku? Ni 68 gare ni, in na tsuguna sai an ɗaga ni.

Hajiya Rabi Bronx: Kawu ai a zaune yake, masu koyar da rawa daban ne 😂

Ummi Zariya: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na fasa maganar baƙin cikin iyaye. Da labarin Kawu zan buɗe, sai ƙofofi 6, sai abin da Hajiya ta gani daga sama, sai maganar Anti Sadiya, in rufe da gardamar Yaya Nazifi. Malam, wata alfarma kuma. Bayan rubutun dole kowa ya shirya fage na minti 10 a gaban aji. Ina so in gwada na ƙofofi, amma zaurenmu ƙofa ɗaya gare shi, ita ma ba ta rufuwa sai an sa dutse.

Malam Habibu: Ki nemi kafinta ya haɗa miki firam biyu masu tsayuwa da kansu, ya sa musu ƙafa mai nauyi don kada su kife in an buga. Biyu sun isa, kada ki yi haɗama. Labule ba zai yi ba, sai an ji ƙarar rufewar. Ki zo da 'yan wasanki ranar Asabar bayan la'asar in gani.

Kawu Ɗanlami: In akwai yaron gida a ciki ku kira ni. Kwanon yana nan.